Masarautar Albaniya da Sarakunanta Uku: Tambayoyi da Amsoshi

A Turai akwai gidajen sarautar da suka shekara ɗaruruwa suna gadon juna, irin na Ingila da na Denmak. Akwai kuma waɗanda ko ɗa bai gaji uba ba aka naɗe tabarmarsu. Ta Albaniya tana cikin kashi na biyu. Mutum uku ne suka riƙe sarautar ƙasar tsakanin 1914 da 1943, Bajamushe ɗaya, ɗan ƙasa ɗaya, Ba'italiye ɗaya, kuma dukkansu a ƙasar wasu suka mutu. Ga amsoshin tambayoyin da aka fi yi a kansu.

Ina ne Albaniya, kuma me ya sa sai a 1914 ta yi sarki?

Ƙaramar ƙasa ce mai duwatsu a yankin Balkan, kudu maso gabashin Turai. Girka tana kudancinta, teku kuma ya raba ta da Italiya ta yamma, tsallaken da bai kai kilomita 100 ba a inda ya fi ƙunci. A riƙe wannan kusancin a rai, domin shi ne rabin labarin.

Kusan shekara 500 ƙasar ta yi a ƙarƙashin Daular Usmaniyya, ta Turkiyya nake nufi, kada a rikita da ta Sakkwato. A wannan zaman ne mafi yawan mutanenta suka musulunta. Da daular ta raunana, maƙwabta suka far mata a yaƙin Balkan na 1912, shugabannin Albaniyawa suka ga idan suka yi sake za a yanyanka ƙasarsu a raba tsakanin Sabiya da Girka da Montenegiro. Sai Ismail Qemali ya tara wakilai a garin Vlora, suka shelanta 'yancin kai ranar 28 ga Nuwamba, 1912.

To, yaya aka yi Bajamushe ya zama sarkinsu na farko?

Ba su suka zaɓe shi ba. Manyan ƙasashe shida na lokacin, Birtaniya da Faransa da Jamus da Rasha da Italiya da Ostiriya-Hangari, su suka zauna a Landan a 1913 suka amince da sabuwar ƙasar, suka shata mata iyaka, har suka bar Kosovo mai cike da Albaniyawa a waje. Su ne kuma suka nemo mata mai mulki. A Albaniya akwai Musulmi, akwai Kiristoci 'yan Otodoks a kudu, akwai 'yan Katolika a arewa, sai aka ga a kawo wanda ba ya cikin ko ɗaya. Aka ɗauko Yarima Wilhelm na gidan Wied, hafsan soja ne a Jamus, ɗan Furotesta, wanda bai san yaren ƙasar ba bai kuma san mutanenta ba. A takardun Turai yarima ake ce masa, amma a cikin gida "mbret" ake kiransa, wato sarki.

Ya sauka a tashar ruwa ta Durres ranar 7 ga Maris, 1914. Bai ko huta gajiya ba rikici ya sha kansa. A kudu masu goyon bayan Girka sun riga sun ɓalle. Ministansa na yaƙi da cikin gida, Esad Pasha Toptani, wanda shi ya jagoranci tawagar da ta je Jamus ta miƙa masa sarautar, shi ma kujerar yake hari. A watan Mayu aka kama shi aka kore shi zuwa Italiya. Manoman tsakiyar ƙasa kuma suka ɗauki makami suna neman a mayar da su ƙarƙashin Sarkin Musulmin Santambul ko a ba su sarki Musulmi, suka yi wa Durres ƙawanya. Ana cikin haka Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke, waɗanda suka kawo shi suka shiga kashe juna, kuɗin da ake ba shi ya yanke. Ranar 3 ga Satumba ya hau jirgin ruwa ya fice, bayan wata shida.

Abin dariyar shi ne bai taɓa yin murabus ba. Har ya mutu a Romaniya a 1945 yana ɗaukar kansa sarkin Albaniya.

Wa ya riƙe ƙasar bayan tafiyarsa?

A lokacin yaƙi, kowa ma: sojojin Italiya, Ostiriya, Faransa, Sabiya, Girka da Bulgeriya duk sun mamaye wani yanki. A Janairun 1920 wakilan ƙasa suka yi babban taro a Lushnja, suka kafa majalisar riƙon sarauta mai mutum huɗu, ɗaya ɗan Sunni, ɗaya ɗan ɗariƙar Bektashi, ɗaya Katolika, ɗaya Otodoks. Aka mayar da hedikwata Tirana. A takarda dai ƙasar masarauta ce marar sarki har zuwa 1925.

Wane ne Ahmad Zogu?

Shi ne jigon labarin. An haife shi ranar 8 ga Oktoba, 1895 a Burgajet, yankin Mat, ɗan gidan masu riƙe da yankin ne tun kaka da kakanni. Mahaifiyarsa Sadije 'yar gidan Toptani ce, dangin Esad Pasha ɗin nan. Ya yi karatu a Santambul, ya dawo ya gaji shugabancin ƙabilarsa tun yana matashi. Jarinsa na siyasa shi ne mayaƙan Mat masu bin umarninsa ido rufe, a ƙasar da ba ta da sojan a zo a gani.

Yana da shekara 24 ya zama ministan cikin gida, yana da 27 ya zama firaminista. A Fabrairun 1924 wani matashi ya harbe shi a majalisar dokoki, ya ji rauni ya tsira. Bayan wata biyu aka kashe Avni Rustemi, ɗan adawa mai farin jini, wanda shi ya bindige Esad Pasha a Faris a 1920. Jama'a suka ɗora alhakin a kan Zogu, bore ya tashi, a watan Yuni ya tsere Yugoslabiya. Fan Noli, bishof na cocin Otodoks da ya yi karatu a jami'ar Harvard ta Amurka, ya karɓi mulki da alkawarin raba wa manoma gonaki. Wata shida ya yi shi ma. Ranar 24 ga Disamba Zogu ya shigo Tirana da kuɗi da makaman Yugoslabiya, da sojojin haya 'yan Rasha waɗanda juyin gurguzu ya koro. A Janairun 1925 aka ayyana jamhuriya, ya zama shugaban ƙasa.

Tunda yana shugaban ƙasa, me ya kai shi neman sarauta?

Shugaban ƙasa wa'adi gare shi, nasa shekara bakwai ne, sarki kuwa sai mutuwa. Ban da wannan, duk maƙwabtansa na arewa da gabas sarakuna ne, kuma a tunaninsa manyan ƙabilun duwatsu sun fi gane mubaya'a ga sarki a kan biyayya ga tsarin mulki. Italiya ma ta ba shi goyon baya, don ta fi son mutum ɗaya da za ta riƙa yin ciniki da shi.

Aka shirya majalisa ta musamman, ranar 1 ga Satumba, 1928 ta naɗa shi Zog na Ɗaya. Ya ajiye sunan Ahmad, ya gutsure Zogu ya koma Zog, kalmar da take nufin tsuntsu a yarensu. Mahaifiyarsa ta zama uwar sarki, 'yan'uwansa mata shida suka zama gimbiyoyi. Laƙabin da ya zaɓa ya tayar da ƙura: Sarkin Albaniyawa ya ce, ba Sarkin Albaniya ba. Yugoslabiya ta gane karatun nan take, tunda akwai Albaniyawa da yawa a Kosovo da ke hannunta. Ba a yi bikin ɗora masa kambi ba, rantsuwa kawai ya yi a gaban majalisa. Sauran gidajen sarautar Turai kuwa kallon ɗan-ta-more suka yi masa, da wuya a ga sun gayyace shi sha'aninsu.

Da gaske shi kaɗai ne sarki Musulmi a Turai?

A zamaninsa, haka ne, domin an soke sarautar Santambul tun 1922. Sai dai wanda ya yi zaton daular Musulunci ya kafa zai sha mamaki. Ya yi rantsuwar kama mulki a kan Alƙur'ani da Baibul duka biyu, tsarin mulkinsa kuma ya ce ƙasa ba ta da addinin hukuma. Dokar zaman jama'a da ta fara aiki a 1929 ta ɗauke aure da saki da gado daga hannun alƙalan shari'a da limaman coci ta mayar kotun gwamnati, ta haramta auren mace fiye da ɗaya. A 1937 aka hana mata rufe fuska, 'yan'uwansa mata suka riƙa zagaya gari cikin kayan Turawa don a gani a kwaikwaya. Hanyar Mustafa Kamal na Turkiyya ya bi, amma da lallami. Lokacin da Turkiyya ta rufe zawiyoyin ɗariƙu a 1925, Albaniya ce ta karɓi shugabancin ɗariƙar Bektashi, kuma hedikwatarta tana Tirana har yau.

Me ya tsinana wa ƙasar?

Ya tarar da ƙasa mai mutum kusan miliyan ɗaya, mafi yawansu ba su iya karatu ba, babu layin dogo, babu jami'a, zazzaɓin cizon sauro ya addabi ƙauyukan bakin teku. Babban abin da ya yi shi ne ya sa ikon gwamnati ya kai inda bai taɓa kaiwa ba. Ya kafa rundunar jandarma, ya ɗauko tsofaffin hafsoshin Birtaniya su horar da ita, aka karɓe bindigogi daga ƙabilu da dama, fashi a kan hanya ya ragu. An yi hanyoyi da gadoji, an gina tashar Durres da gine-ginen ma'aikatun da suke tsakiyar Tirana. A ƙarshen shekarun 1930, lokacin da ƙasashen Turai suke rufe wa Yahudawa ƙofa, gwamnatinsa ta bar ɗaruruwansu sun shigo.

A ɗaya gefen kuma, ba jam'iyyu, jaridu a takure, majalisa sai abin da fada ta ce. Manyan 'yan adawa irin su Luigj Gurakuqi da Hasan Prishtina an bi su har ƙasashen waje an kashe, kuma shi ake zargi. Dokar rabon gonaki ta 1930 kusan a takarda ta tsaya, don masu manyan gonakin su ne ginshiƙan mulkinsa. An yi bore a Fier a 1935, aka murƙushe shi. A ganina Zog ya gina hukuma amma bai gina arziki ba, kuma wannan giɓin ne ya cinye shi.

Me ya haɗa shi da Italiya har ta haɗiye ƙasarsa?

Bashi. Da ya dawo mulki a 1924 baitulmali wayam yake. Ya juya wa Yugoslabiya baya bayan ya biya ta da ɗan yanki a kan iyaka, ya nemi rance daga Ƙungiyar Ƙasashen Duniya ta lokacin bai samu ba. Musolini, mai mulkin Italiya a lokacin, shi kaɗai ya buɗe jaka. A 1925 aka kafa Bankin Ƙasa na Albaniya da jarin Italiyawa, kuma hedikwatarsa a birnin Rum take, ba a Tirana ba. A shekarar kuma wani kamfanin Italiya da aka kafa don haka ya ba da rancen faran miliyan 50 na zinariya domin ayyukan hanya da tashar ruwa, aka jingina kuɗin kwastan na ƙasar. A Nuwamban 1926 aka sa hannu kan yarjejeniyar Tirana ta farko, a Nuwamban 1927 ta biyu, ƙawancen soja na shekara 20. Hafsoshin Italiya suka cika rundunar sojan Albaniya a matsayin masu horarwa, kamfanin Italiya ya kama haƙar man fetur a Kucova. Hanyoyin da aka shimfiɗa ma, da yawansu sun fi dacewa da motocin soja masu nufar kan iyaka a kan jakin manomi mai zuwa kasuwa.

Zog ba wawa ba ne, ya san abin da ake ƙulla masa. A 1931 ya ƙi sabunta yarjejeniyar farko. Ya ƙi haɗa kwastan da Italiya. A 1933 ya mayar da makarantu hannun gwamnati, wanda ya rufe na 'yan mishan ɗin Italiya, ya sallami wasu daga cikin masu ba sojansa shawara. Musolini ya tsuke bakin jaka, a Yunin 1934 kuma jiragen yaƙinsa suka bayyana a gaɓar Durres ba tare da sallama ba. Zog ya leƙa Faransa da Birtaniya da maƙwabta, babu wanda ya yarda ya ɗauki nauyin. Albashin ma'aikata da na soja ya maƙale. A 1936 ya koma ya sa hannu kan sababbin yarjejeniyoyi, aka yafe wani bashin aka ƙara wani. Wanda ya ci ladan kuturu, ai dole ya yi masa aski.

Gaskiya ne an sha yunƙurin kashe shi?

Gaskiya ne, ko da yake an yi wa labarin gishiri. A al'adar duwatsun Albaniya akwai ramuwar jini: idan aka kashe maka ɗan'uwa ko aka ci mutuncin gidanku, wajibi ne a rama a kan namijin wancan gidan. Mutumin da ya sa aka rataye 'yan tawaye kuwa ba zai rasa masu binsa jini ba. Ya ƙara wa kansa wata gabar da ya fasa auren 'yar Shefqet Verlaci, ɗaya daga cikin manyan masu gonaki a ƙasar, bayan an yi baiko. Saboda haka ba ya yawan fita, 'yan Mat ne masu gadinsa, mahaifiyarsa ce take sa ido a kan abincinsa. Harin da aka fi sani shi ne na Fabrairun 1931 a Biyana, babban birnin Ostiriya, yana fitowa daga gidan wasan opera. 'Yan gudun hijirar Albaniya biyu suka buɗe wuta, dogarinsa Llesh Topallaj ya mutu, ministan fadarsa ya ji rauni, shi ko ƙwarzane bai yi ba. Taba sigari kuwa ya sha ta kamar ba gobe.

Wace ce matarsa?

Geraldine Apponyi, 'yar wani gidan sarauta na Hangari da arzikinsa ya karye, mahaifiyarta Ba'amurkiya. Ya girme ta da shekara 20. Ita 'yar Katolika ce, don haka auren hukuma aka ɗaura ranar 27 ga Afrilu, 1938, ba a masallaci ba ba a coci ba. Hitila ya aiko da jar Marsandi gudummawa. Cikin shaidun ango akwai Galeazzo Ciano, ministan harkokin wajen Italiya kuma surukin Musolini, wanda ya koma gida daga bikin ya ba surukin nasa shawarar a haɗiye ƙasar.

Yaya masarautar ta faɗi?

A tsakiyar Maris na 1939 Hitila ya mamaye Prag, babban birnin Cekoslobakiya, bai ko shawarci Musolini ba. Musolini ya ji an bar shi a baya, ya nemi abin da shi ma zai nuna. Ranar 25 ga Maris aka miƙa wa Zog sharuɗɗan da za su mayar da ƙasarsa 'yar amshin shata, sojan Italiya a tashoshinta, Italiyawa a ma'aikatunta. Ya ƙi. Ranar 5 ga Afrilu sarauniya ta haifi ɗa namiji, aka sa masa Leka. Ranar 7 ga wata, Juma'ar da Kiristoci suke tunawa da gicciye, sojan Italiya suka sauka a tashoshin ruwa huɗu. A Durres wasu dakarun Albaniya biyu, Abaz Kupi da Mujo Ulqinaku, da 'yan tsirarun mutanensu sun tare su na sa'o'i, Ulqinaku ya mutu a wurin. Rundunar da Italiyawa suka horar, suka kuma san sirrinta ciki da bai, ba ta yi wani kataɓus ba. Aka ɗauki mai jego da jaririn kwana biyu a mota aka bi hanyar duwatsu zuwa Girka, sarki ya bi bayansu. Washegari Tirana ta faɗi.

Wannan gudun shi ne tabon da bai goge ba. Mutanen da suke auna namiji da tsayuwarsa a fagen fama ba su yafe wa sarkin da ya ce a yi yaƙi sannan ya tsallake iyaka ba.

Wane ne sarki na uku?

Victor Emmanuel na Uku, sarkin Italiya, wanda tun 1936 ake kiransa Sarkin Sarakunan Habasha bayan mamayar da aka yi wa ƙasar Haile Selassie. Ranar 12 ga Afrilu wata majalisa da aka harhaɗa a Tirana ta miƙa masa sarautar, ya karɓa bayan kwana huɗu. Firaministan da aka naɗa kuwa ba wani ba ne illa Shefqet Verlaci, wanda aka fasa auren 'yarsa. Wakilin sarki, Francesco Jacomoni, shi ke gudanar da mulki. Daga Albaniya ne Italiya ta kai wa Girka hari a Oktoban 1940, ta kuwa kwashi kashinta a hannu. Da Italiya ta miƙa wuya a Satumban 1943 Jamusawa suka karɓe ƙasar, Victor Emmanuel ya sauke laƙabin. 'Yan gurguzu ƙarƙashin Enver Hoxha suka kama mulki a Nuwamban 1944, a Janairun 1946 suka soke sarauta suka haramta wa Zog dawowa.

Ya gudu da zinariyar ƙasa?

Ya fita da dukiya mai yawa, da ita ya riƙe tawagarsa shekaru. Magoya bayansa sun ce tasa ce, 'yan gurguzu suka ce ta talakawa ce. Amma ajiyar zinariyar Bankin Ƙasa ba ta hannunsa, tana Rum. Jamusawa suka kwashe ta a 1943, bayan yaƙi ta maƙale a Landan saboda wata shari'a tsakanin Birtaniya da Albaniya, sai a 1996 aka mayar.

Ina ya ƙare?

Ya yi ta gararamba daga Girka zuwa Turkiyya zuwa Faransa. Da Jamus ta ci Faransa a 1940 ya tsallaka Ingila, ya zauna a otal ɗin Ritz na Landan da iyalinsa da masu gadinsa, daga baya ya koma wani gida a karkara. A 1946 Sarki Faruk na Masar, wanda kakan kakansa Muhammad Ali asalinsa Ba'albaniye ne, ya gayyace shi. A nan ƙasar Victor Emmanuel ma ya sami mafaka bayan ya bar gadon Italiya, ya mutu a Iskandariyya a 1947, ga wanda ya ƙwace ga wanda aka ƙwace wa duk baƙin sarki ɗaya. Sojoji suka hamɓarar da Faruk a 1952, zama ya yi wa Zog wuya, ya koma Faransa a 1955. Ya mutu a wani asibiti a Suresnes kusa da Faris ranar 9 ga Afrilu, 1961, yana da shekara 65. A Nuwamban 2012, ana bikin cikar ƙasar shekara 100 da 'yanci, gwamnati ta ɗauko gawarsa aka sake binne ta a Tirana.

Akwai masu neman a dawo da sarautar?

An gwada. Leka, jaririn nan na kwana biyu, 'yan gudun hijira sun naɗa shi sarki a wani otal a Faris bayan rasuwar mahaifinsa. Ya zauna a Sifen har aka kore shi a 1979 saboda tara makamai, ya koma Rodeshiya, wato Zimbabwe ta yau, daga nan Afirka ta Kudu, inda aka haifi ɗansa a Johannasbag a 1982. Bayan faɗuwar gurguzu ya leƙo gida a 1993 da fasfon da fadarsa ta buga masa, ba a bar shi ya daɗe ba. A 1997, ƙasar tana cikin hargitsi bayan rushewar kamfanonin adashen damfara da suka cinye kuɗin jama'a, aka yi ƙuri'ar raba gardama ranar 29 ga Yuni. Kusan kashi biyu cikin uku suka zaɓi jamhuriya. Leka ya ce an yi maguɗi, ya fito zanga-zanga cikin kakin soja da bindiga a ɗamare, aka yi harbe-harbe mutum ɗaya ya mutu, ya sake barin ƙasar. An yi masa afuwa, ya dawo da iyalinsa a 2002 tare da tsohuwa Geraldine, wadda ta rasu a Tirana bayan 'yan watanni. Shi kuma ya rasu a Nuwamban 2011. Ɗansa, wanda ake kira Leka na Biyu, yana zaune a Tirana, ya taɓa yin aikin ba da shawara a ma'aikatun gwamnatin jamhuriyar.